Yara Da Kwalekwale A Dajin Kanada

A ƙasar Kanada, idan aka rufe makarantu a ƙarshen watan Yuni, iyaye da dama sukan kai 'ya'yansu sansanin hutu a bakin tafki. Ranar da yaro ya fi ɗoki, kuma ya fi fargaba, ita ce wadda za a zuba su cikin kwalekwale su tafi su kwana a daji, kamar a gandun Algonkwin da aka kafa a lardin Ontariyo tun 1893.

Tafiyar ba ta raggo ba ce. Yini ake yi ana tuƙi da filafili, in tafki ya ƙare a kife kwalekwalen a ka, a ratsa kurmi da shi har a cim ma wani ruwan. Da magariba a kafa tanti, a hura wuta, sa'an nan a rataye guzuri can bisa reshe saboda beyar. Yaron da ko cokali bai taɓa wankewa a gidansu ba, ga shi yana kankare tukunya, sauro na shan jininsa. Wannan kam horo ne mai kyau.

Amma fa ruwan ƙasar yana da mugun sanyi. Ran 11 ga Yuni 1978, kwalekwale huɗu na wata makaranta suka kife a tafkin Timiskamin, yara 12 da babba ɗaya suka rasu. Suna sanye da rigunan hana nitsewa, sanyin ne ya kashe su. Bincike ya nuna ba a tanadi abin da za a yi in haɗari ya auku ba. Sauran mutum 18 a gaɓa suka kwana, sai washegari wani matuƙin helikwafta ya hango kwalekwalen a kife.