Kwana Bakwai A Cikin Jirgi Ina Neman Teku

 Na san da yawanku ci gaban labarinmu kuke jira, don Allah ku ba ni aron yau ɗaya, wata magana ce autana ya tono mini, na kasa rubuta komai sai na sauke ta.

Ran nan ina zaune ina gyaran zogale ya shigo da waya a hannunsa yana cewa, "Umma, zo ki ga wanda ya fi namu." Na karɓa na duba, ashe jirgin ruwa ne na yawon shaƙatawa mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miyami ta Amurka a watan Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, hawa 20, in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata 2,350, ya ninka Titanic ɗin da muka sha kuka a kansa a kaset sau 5 a girma. A can ƙololuwarsa ga wasu manyan bututai 6 masu launi-launi sun nannaɗe kamar hanjin rago, mutane na silalowa ta ciki ruwa na ingiza su, ga wuraren ninƙaya har 7. Na daɗe ina kallo, sannan na ce da shi, "To ina tekun?" Ya yi dariya ya ce, "Umma, har yanzu ba ki daina wannan tambayar ba?"

Ku bari in koma baya ku ji asalin tambayar.

Marigayi Babanmu ma'aikacin Reluwe ne. A 1964 aka tura shi kwas Ingila, ya hau jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, a Apapa ya shiga Aureol, jirgin kamfanin Elder Dempster da ke jigila tsakanin Ikko da Libaful. Tafiyar kusan mako biyu ce, a tsaya a Gana, a tsaya a Firitawun ta Saliyo, a tsaya a Las Palmas, sannan a miƙe arewa. Duk daren da aka ɗauke wuta muka baje a tabarma, labarin da muke roƙonsa ke nan, alhali in ka duba babu wani abin kirki da ya faru a cikinsa. Kujera ce ta zane a jere a bakin jirgi, ka zauna ka kalli ruwa, a kaɗa ƙararrawa ka je ka ci abinci, ka dawo ka zauna. In an gaji da zama a yi wasan jefa zoben igiya. Yakan ba mu labarin kifaye masu fiffike da ke tashi a gaban jirgi, da yadda sanyi ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan bayan an bar Las Palmas har ya ciro rigar sanyinsa, da wani ɗan Saliyo da suka saba a kan waɗannan kujeru, suka yi shekaru suna musayar wasiƙa. Baba yakan ce wanda ya tafi ta sama jikinsa ne ke riga hankalinsa isa, shi kuwa kafin su sauka ya gama kukan rabuwa da gida, ya gama tsoron Turai, ya sauka da nutsuwarsa.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba, na tashi da wannan hoton a zuciyata. Sau nawa na saka shi a littattafaina, ango da amarya a bakin jirgi iska na kaɗa mayafi, alhali ko kwale-kwale ban taɓa shiga ba.

A farkon 2019 Allah ya yi wa maigidana rasuwa. Na yi takaba na fita, jama'a suka watse, sai na lura autana, lokacin yana ɗan shekara 10, ya zama wani iri. Yaron da a da sai an ce ya yi shiru, yanzu in ka yi masa magana sai dai ya gyaɗa kai. Ba ya rigima, ba ya dariya, ko ƙwallo ya daina fita. Ni ma kaina ba lafiyar ce da ni ba, ina dai daurewa ne don idonsu. Yayarmu babba da ke sarin kaya a Dubai ita ta ce wannan zaman ba zai yiwu ba, ta biya mana kuɗi ni da shi a watan Disamba, ta kuma yankar mana tikitin kwana 7 a wani jirgin shaƙatawa da ke tashi daga Dubai ya zaga Abu Dabi da Maskat ta ƙasar Oman ya dawo. Da ta faɗa mini, Baba kawai na tuna. Na ce yau ga ni ga kujerar zane.

Gani ya kori ji. Da farko dai ɗakin da kuɗinmu ya iya kamawa a tsakiyar jirgi yake, ba shi da taga ko ɗaya, in ka kashe fitila ba ka san dare ba ka san rana ba. In ka fito sai ka faɗa wani dogon titi mai shaguna hagu da dama, na turare, na agogo, na alewa, ka rantse a cikin wani katafaren kanti kake. Rufin titin kansa allon talabijin ne tun daga farko har ƙarshe, wani lokaci a nuna maka taurari, wani lokaci a nuna maka kifaye suna iyo a saman kanka. Kai jama'a! Muna kan teku ana nuna mana tekun ƙarya a rufi. Na ce bari in hau can sama in sha iska, na tarar da abin da ya fi Gidan Zu ranar yawon Sallah: kiɗa kamar zai fasa kunne, yara na ihu a cikin bututan ruwa, wasu an ɗaure su da igiya suna tafiya a kan siraɗin katako a sama, layi ko ta ina, gefen kuma an kewaye shi da gilashi. Da dare in an bar gaɓa sai a buɗe ɗakin caca, ga 'yan rawa, ga masu shela a lasifika suna sanar da abin da za a yi nan da minti 15. Kullum da yamma ana zuro mana takarda ta ƙarƙashin ƙofa, an tsara gobe tun daga safe har tsakar dare, babu sa'a ɗaya da aka bari fili.

Na ce da Yaya, "Wai ni ina tekun?" Ta ce, "Ke dai kin cika neman magana, ba ga shi nan a ƙarƙashinki ba?" Kwana 3 na yi ina jin haushin kuɗin da ta kashe, ina kuma jin kunyar nuna mata.

A rana ta huɗu na tashi da asuba, wayata ta rikice wajen nuna alƙibla saboda muna can ciki, na fito neman wurin da zan ga gabas da idona. Na yi ta sauka ina buɗe ƙofofi har na tura wata mai nauyi, sai iska ta buge ni. Wani siririn baranda ne a ƙarƙashin kwale-kwalen ceto, babu kiɗa, babu shago, sai kujeru uku da ƙarfen jingina. Ruwan yana nan kusa, baƙi ƙirin, yana tsagewa fari a jikin jirgi, yana wani sauti kamar ana sheƙa hatsi. Na yi sallata, na zauna. Gari ya fara wayewa, ruwan ya koma ruwan toka, ya koma shuɗi, duwatsun Oman suka fito daga nesa jajaye. Wallahi masu karatu, kukan da ban yi ba a wata huɗu da kwana goma na takaba saboda baƙi da yara, a nan na yi shi, babu mai ce mini in yi haƙuri. Akwai wani tsohon Bature da na riƙa tararwa a can kullum da bargo a cinyarsa. Ba mu taɓa wuce gaisuwa ba sai rana ɗaya da ya nuna barandar da hannu ya ce da ni, da ɗan Turancin sakandaren da nake ji, nan ne kaɗai abin da ya rage masa na jirgi a cikin jirgin.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce muku Allah wadaran jirgin lilo, a dawo mana da irin na su Baba. To amma a ranar dai da hantsi na hau sama neman autana, na hango shi ya fito daga bakin bututu ya faɗa ruwa tsulum, ya miƙe yana tari yana ƙyaƙyata dariya, irin dariyar da har ciki ke ƙullewa. Wani yaro ɗan Indiya na jan hannunsa su koma layi, ba mai jin yaren wani. Na tsaya a bayan wani ginshiƙi don kada ya gan ni ya daina. Wata 10 rabon da in ji wannan muryar. Da kujerar zane aka ba yaron nan aka ce ya kalli ruwa na mako biyu, ban san abin da zai same shi ba, don shiru shi ne ciwonsa.

Daga baya da na bi diddigi na gane ba haka kawai jiragen suka koma filin wasa ba. Na su Baba mota ce ta zuwa wani wuri, dole ka shiga in kana son ƙetare ruwa. Tun da jiragen sama masu injin jet suka fara ƙetare Atlantika a 1958 kasuwar ta fara mutuwa, shi kansa Aureol a 1974 ya daina zuwa Ikko. Kamfanonin da suka rage sai suka koma sayar da zaman jirgin kansa, a fita a zaga a dawo inda aka tashi. Wanda kuwa zai cika gado dubbai kowane mako dole ya jawo iyali, iyali kuma yara ke jan su. A 1999 aka saka filin zamiya na ƙanƙara da bangon hawa a Voyager of the Seas, a 2017 Norwegian Joy ya zo da titin tseren ƙananan motoci, a 2021 Mardi Gras na kamfanin Carnival ya ɗora lilon nan mai gudu a kan dogo yana hawa yana gangarowa a saman jirgi. Sannan tikitin ba shi ne kaɗai cinikin ba, akwai abin sha, da caca, da shaguna, da gidajen abinci na musamman. Mai zaune yana kallon ruwa ba ya sayen komai, shi ya sa barandarsa take can ƙasa a bayan ƙofa mai nauyi.

Irin na da bai ƙare ba. Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004, yana ƙetarewa daga Sawsamtan ta Ingila zuwa Niyok a dare 7 ba tare da ya tsaya ko'ina ba, da ɗakin karatu mai littattafai sama da 8,000, da shan shayin la'asar, da baranda mai zagaye jirgin gaba ɗaya. Kamfanin Viking kuma yana da jirage masu ɗaukar mutum 930, ba ɗakin caca, ba a ma ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Sai dai irin waɗannan ba kuɗin ɗakinmu marar taga ba ne. Abin da Baba ya samu a matsayin ƙaramin ma'aikaci, wato zama shiru a gaban ruwa, yau sai mai hali ke sayensa. Kuma ko da Yaya ta iya biya, a jirgin Viking a bakin ƙofa za a tsayar da autana.

Abin ya taɓa ni ta wani gefen da ban zata ba, don na ga sana'ata a cikin waccan takardar da ake zurowa ta ƙarƙashin ƙofa. Mu ma haka muke yi muku. Tsoro muke kada ku gaji ku ajiye littafi, sai mu jera mari a shafi na 5, haɗarin mota a na 12, kishiya da boka a na 20, ba ma barin yarinya ta zauna ta yi tunanin abin da ya same ta. Ba zan daina ba, don na san akwai mai karanta ni da ke cikin halin da hayaniyar ce maganinta. Amma tun daga wannan tafiya, kowane littafi nakan bar babi ɗaya da babu abin da ke faruwa a cikinsa, kuma na lura a kan irin wannan babin wasunku suka fi yi mini waya.

A darenmu na ƙarshe na ce da autana in ya tashi da asuba zan nuna masa wani abu. Ya tashi kuwa, muka sauka tare, na tura ƙofar. Ya kama ƙarfen ya leƙa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Umma, ta nan Kaka ya bi?" Na ce a'a, nasa wani tekun ne, can yamma da mu. Ya ce, "Shi ma haka yake da baƙi?" Na ce haka ya ce mana. Muka tsaya har rana ta fito, kansa a jikin kafaɗata. Sannan ya ɗago ya tambaye ni ƙarfe nawa ake buɗe bututun, don abokinsa na jiransa.

Yanzu ya zama saurayi, yana cewa in ya fara aiki zai kai ni wancan na Miyami. Na ce na yarda, da sharaɗin ya fara bincika mini ko akwai baranda a ƙarƙashin kwale-kwalen ceto. Allah ya jiƙan Baba da maigidana da dukkan namu da suka riga mu. Mu haɗu a mako mai zuwa don ci gaban labarinmu, in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.