Daga Hunturun Daudawa Zuwa Dusar Ƙanƙarar Ukaimeden

Duk wanda ya tashi a Daudawa, ko Faskari, ko Sabuwa, ya san sanyi. Da zarar hunturu ya buso a Disamba, za ka ga dattawa sun kewaye wuta tun da asuba, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage, ruwan randa ya gagari mai alwala. Amma duk tsananinsa, ruwa ba ya daskarewa a ƙasarmu. Dusar ƙanƙara kuwa a talabijin da waya muka san ta, inda ake nuna mutane sun ɗaura alluna a ƙafa suna zamiya daga kan dutse.

Yanzu mutanenmu na fita waje fiye da da: ɗalibai, da 'yan kasuwa, da masu zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas na ƙasar Maroko. Da yawa na sha'awar ware kwana biyu su taka dusar nan da ƙafarsu. Ba sai an je Turai ba. A Maroko, cikin duwatsun Atlas, akwai wani ƙauye mai suna Ukaimeden, wanda ya fi ko'ina suna a ƙasar wajen wasan zamiya. Na je can a wani watan Fabrairu, kuma abin da na fahimta shi ne, mai zuwan farko jikinsa zai fara shiryawa kafin jakarsa.

Daga Nijeriya ana buƙatar biza. Jirgin Royal Air Maroc na tashi daga Legas zuwa Kasabalanka, daga nan jirgin ƙasa ya kai mutum Marakesh cikin kimanin awa uku. Marakesh ba baƙon gari ba ne ga malamanmu, domin nan aka kai Shehu Ahmad Baba na Tambutu a 1594, ya zauna yana karantarwa har aka bar shi ya koma gida a 1608. Daga Marakesh zuwa Ukaimeden kilomita 75 ne ko kusa da haka. Ana ɗaukar shatar tasi, a bi ta wajen kwarin Urika, sannan hanya ta fara nannaɗe dutse kamar rawani. Mai amai a mota ya sha magani tun kafin a tashi.

A nan ne maganar lafiya take. Marakesh bai kai tsayin mita 500 daga matakin teku ba, shi kuwa Ukaimeden yana wajen mita 2,600, ƙololuwar da ake zamiya daga kanta ta haura mita 3,200. Ke nan cikin abin da bai kai awa biyu ba mutum ya hau sama da mita 2,000. A wannan tsayin, iskar da huhu ke samu a kowace shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa za ka ga ƙato ya yi taku ashirin yana haki. Ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da rashin barci, duk alamu ne na jikin da bai saba da tsauni ba. Maganinsu hutawa da shan ruwa, kuma kada a ƙara hawa. Idan numfashi ya yi wuya alhali mutum na zaune, ko ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, a sauko da shi nan take, ba a jiran gari ya waye.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da ya fi damuna shi ne sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita. Abubuwa uku da ke tayar da ciwon, wato sanyi, da ƙarancin iska, da bushewar jiki, duk sun haɗu a kan dutsen nan. Yaro mai SS kada a kai shi sai likitansa ya amince. Mai AS ma, wanda a gida ba ya jin komai, yana iya samun matsalar saifa a wuri mai tsayi. Idan ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, asibiti za a nufa. Mai hawan jini, da mai asma, da mai ciwon zuciya su ga likita kafin tafiya, magungunansu kuma su kasance a aljihu, ba a cikin akwatin da aka bari a masauki ba. Mai juna biyu ta haƙura da zamiya, ta sha kallo. A kuma sayi inshorar tafiya da ta ambaci wasannin ƙanƙara ƙarara, domin da yawa ba sa biyan raunin da aka ji a irin wannan wasa.

Sai tufafi. Mu 'yan ƙasar auduga ne, daga Daudawa har Funtuwa da ita aka san mu, amma a kan dusar ƙanƙara auduga ba abokiyar tafiya ba ce. Tana shanye gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikinka. Hawa uku ake sawa: ta ciki ta ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Safa ɗaya mai kauri ta fi biyu da za su matse ƙafa su hana jini gudu. Safar hannu wadda ba ta shan ruwa wajibi ce. 'Yan uwana mata, a bar dogon mayafi da zumbulelen hijabi a masauki, domin suna iya maƙalewa a na'urar da ke jan mutane sama. Ƙaramin hijabi da aka cusa cikin riga, da doguwar rigar sanyi har gwiwa a kan wando mai faɗi, sun wadatar wajen sutura.

Kada kuma sanyi ya sa a manta da rana. Sabuwar dusa na mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna zuwa ido da fuska. Wanda ya yini babu baƙin tabarau zai iya kwana yana jin kamar an zuba masa yashi a ido. Baƙar fata ma tana ƙuna a can.

Ba sai an sayi kayan wasan ba. Ana bayar da hayar alluna da takalma da sanduna a ƙauyen, sai dai wasu sun tsufa, don haka a duba sosai. Mariƙin da ke haɗa takalmi da allo an yi shi ne ya saki ƙafa idan an faɗi; idan ya cije, gwiwa ce ke biyan bashi, kuma raunin gwiwa shi ya fi yawa a wannan wasa. A nemi hular kwano, musamman ga yara. A yi ciniki a gama kafin a sa komai a ƙafa, kamar dai a kasuwar Sheme.

Ranar farko ta malami ce. Zai koya maka yadda ake haɗa kan allunan biyu a gaba a buɗe bayansu don rage gudu, da yadda ake faɗuwa ta gefe, da yadda ake tashi. Ana bambanta hanyoyin zamiya da launi: kore ta 'yan koyo, shuɗiya ta wanda ya fara iyawa, ja da baƙa na gwanaye. A Ukaimeden alamun ba su cika fitowa fili ba, saboda haka wanda ya taɓa gwadawa sau ɗaya ko biyu ma kada ya hau ƙololuwa shi kaɗai. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ƙafa ta fara rawa da la'asar, a tsaya, domin gajiya ce ke jawo mummunar faɗuwa.

Lokacin dusa yakan kama daga Janairu zuwa Maris, amma a 'yan shekarun nan fari ya sa ba kullum take sauka da yawa ba. Kafin a biya kuɗin mota, a tambaya ko akwai dusa, ko hanya a buɗe take, ko na'urar hawa na aiki. Asabar da Lahadi wurin cika yake da iyalai daga birane, tsakiyar mako ya fi sarari. A kuma duba kalanda, domin azumi na faɗowa cikin waɗannan watanni a shekarun nan. Wanda hanyarsa ta Dubai ce ko Alƙahira, akwai wuraren zamiya na cikin gini, Ski Dubai da aka buɗe a 2005 da Ski Egypt a 2017. Akwai sanyi, amma babu matsalar tsayi, sun dace da gwajin farko.

Ko ba a yi zamiya ba, wurin ya isa a je. Akwai zanen shanu da makamai da mutanen dubban shekaru suka sassaƙa a jikin duwatsu. Filin da dusa ke rufewa makiyaya ce ta Barbar mazauna yankin, kuma suna da tsohuwar al'ada ta hana kiwo a cikinta daga tsakiyar Maris har 10 ga Agusta, don ciyawa ta yi iri kafin dabbobi su shiga. Duk wanda ya san halin da rikicin kiwo ya jefa yankinmu zai tsaya ya yi tunani a kan wannan. Mutanen nan kuma suna farfaɗowa ne daga girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023, don haka kwanon tajin da kofin shayi mai na'ana'a da ka saya a hannunsu taimako ne.

Mai niyyar tafiya ya fara da gwajin jini da awon hawan jini, sannan biza, sannan kaya. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.