A-kori-kurar Baba da Motar da Ba Ta Shan Mai

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwarmu a Bena daren kasuwa, to ya san kukan motar Baba, domin tun kafin kiran assalatu take fara tari, sai an tura ta sa'an nan ta yarda ta tashi. Peugeot 504 ce a-kori-kura, watau Fijo, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975. Baba ya saye ta hannu na biyu tun ba a haife ni ba, kuma da ita yake jigilar dawa da masara tsakanin Bena da Wasagu da Ribah har Zuru. A bayanta aka ɗauko gadon auren yayata, kuma daga gumin tayoyinta ake biya mini kuɗin makaranta. Saboda haka in ta kwanta, ba ita kaɗai ke kwanciya ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da dama. Baba ya wayi gari in ya yi lodi ya dawo, ya cire kuɗin mai da na yaron mota, abin da ya rage bai kai na cefane ba. Da na zo hutu sai ya kira ni zaure bayan sallar isha'i, ya ce, "Kai ne ɗan boko. In sayar da ita ko in riƙe?"

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da labarin motar lantarki. A jami'armu ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a 2021, zamanin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Na kuma ji yadda Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan bas-bas a Maiduguri yana mayar da su masu batir. Sai na rusuna na ce, "Baba, ai zamanin mai ya kusa wucewa." Na ciro waya na nuna masa hoton Ford F-150 Lightning, a-kori-kurar lantarki da aka fara sayarwa a Amurka a 2022. Na ce ba ta shan fetur, ba a yi mata juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kafireta, ba kuloci, ba salansa. In an cika ta da caji tana tafiyar kilomita 370, mai babban batir kuma ta haura 500. Har ma in an ɗauke wuta takan iya haskaka gida.

Baba ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Gobe ka kai wa Kawunka ya gani."

Kawu ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini. Shi ne bakaniken da ke duba motar tun ranar da ta shigo gari, har yakan gane ciwonta daga kukanta kafin ya buɗe bonet. Na same shi ƙarƙashin wata mota, ya fito ya goge hannu, ya saurare ni har na gama. Sa'an nan ya ce, "Madalla, ɗana. Da me ake cika ta?" Na ce da wutar lantarki. Ya ɗaga kai ya dubi wayar da ta ratsa saman garejinsa, bai ce kome ba. Na yi sauri na ce ai akwai janareta. Ya ce in yi masa lissafi. Batirin ƙaramar cikinsu yana cin awo 98 na wuta, ƙaramin janaretan da ke shagon mai aski kuwa da ƙyar yake ba da awo ɗaya a sa'a guda. Watau sai ya yi kwana huɗu yana ruri dare da rana, yana shan fetur ɗin da muke gudu, kafin motar ta ƙoshi. Da bakina na faɗi wannan lissafi, yaran gareji suna dariya.

Bai tsaya nan ba. Ya tambayi nauyinta, na ce ta kusa tan uku ba kaya. Ya ce, "To ka ɗora mata buhunan masara, ka bi da ita hanyarmu da damina." Gaskiya ce kuwa, kaya masu nauyi suna rage nisan da caji zai kai ta, nauyin batir yana cin taya, zafi irin na bazararmu kuma yana tsufar da batir da wuri. Kamfanin ya ɗauki lamunin batirin na shekara 8 ko kilomita 160,000, amma lamunin yana inda wakilansa suke, ba a ƙasar Zuru ba. Daga ƙarshe Kawu ya rage murya ya ce, "Motar ubanka in ta mutu a daji, da waya da filaya da galan guda na 'yan bumburutu zan tashe ta kafin magariba. Wannan fa?" Wanda ya san halin da 'yan bindiga suka jefa hanyoyin Danko da Wasagu a shekarun nan, ya san wannan tambaya ta rai ce da mutuwa. Na koma gida jikina a sanyaye, na tabbata hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Amma fa kada mai karatu ya zaci Kawu ya ƙi abin ne. Bayan kwana biyu shi da kansa ya zo zaure, ya ce abin ya hana shi barci. Ya ce motar da ba ta da fulogi da kafireta, ranar da ta iso, rabin sana'arsa ta tafi, kuma ya ga yadda farantan sola suka cika rufin shaguna cikin 'yan shekaru, alhali da can ba wanda ya san su. Ba a fafe gora ranar tafiya. A nan suka yanke shawara shi da Baba: ba za a sayar da Fijo ba, za a yi mata garambawul a rage mata shan mai, ƙanena kuma da ke koyon aiki a garejin za a tura shi Zuru wurin masu haɗa sola, ya koyi batir da waya.

Abin da na ƙaru da shi, ya ku malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ya shafi fanninmu. Ku dubi kalmomin nan: fulogi, lagireto, salansa, birki, sitiyari. Baƙi ne, amma sun kwana a bakin Bahaushe har sun zama 'yan gida, domin hannunsa ya kwance su ya ɗaura sau dubu. Haka ya raɗa wa motoci suna, ya ce gingimari, ya ce a-kori-kura, ya ce a-daidaita-sahu. Motar da na nuna wa Baba kuwa, da na tashi bayyana kayan cikinta sai na rasa sunan ko ɗaya da Hausa, ban da batir. Ashe mallakar mota ba a wurin biyan kuɗi take ba, tana wurin iya riƙonta: a sami abincinta a gari, da mai gyaranta, da sunan abin da ya lalace in za a aika a sayo.

Na dawo makaranta da kuɗin da Fijo ta samo. Ƙanena ya rubuto mini cewa ya fara haɗa batir da kansa, har yana tambayata yadda zai kira wata na'ura mai juya wutar batir ta koma ta gida, wai ubangidansa da Turanci yake faɗinta. Na ce ya saurari abin da yaran shagon ke kiranta in ba ya nan, ya rubuto mini. Allah ya sa mu ga ranar da za a ji a-kori-kura ta fita Bena da asuba ba tari, ba turi, amin.