Ramukan da ke Jikin Wata

Yara, kada hasken wata ya ruɗe ku, ku zaci fuskarsa sumul ta ke kamar sabuwar tasa. Wanda ya dube shi da madubi mai kawo nesa kusa zai ga duk jikinsa ramuka ne, kamar zanzana ta ci shi.

Duwatsu ne suka haƙa su. Akwai duwatsu masu yawo a sararin sama, gudunsu kuwa ya kan kai kilomita 20 cikin daƙiƙa guda, watau kafin ku ƙirga huɗu dutsen ya tashi daga Gaya ya isa Kano. In irin wannan ya daki wata sai ya tarwatse, ƙasa ta yi tsalle ta zube a gefe, ta bar rami mai baki kamar na akushi. Wani rami da a ke kira Taiko faɗinsa kilomita 85 ne, shekarunsa sun fi miliyan 100.

Duk sa'ad da na je duba makaranta a ƙasar Ajingi, na kan sa a cika ƙwarya da toka, yaro ya jefa tsakuwa a ciki. Nan take rami ya kan fito. Sa'an nan in ce a hura, ko a yayyafa ruwa. Ina rami? Ya shafe. To, abin da wata ya rasa ke nan: ba shi da iska, ba shi da damina. Ko sawun Nil Amstron, wanda ya fara taka wata a shekarar 1969, babu guguwar da za ta share shi.

Mu kuwa iska ta lulluɓe duniyarmu, ita ke ƙone yawancin duwatsun tun suna sama. Wutar nan ce ku kan gani da dare, ku ce tauraro ya faɗi. Amma wani ya kan kuɓuto. A shekarar 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, cikin ƙasar Katsina, kusa da manomi yana korar tsuntsaye. Ya nutse cikin ƙasa wajen ƙafa biyu. A ganina, damina biyu ta isa ta cike ramin nan. Da a wata ya faɗa, da har yau yana nan.