Daren da Na Riƙe Makulli

Ni Kirista ne, yawancin masu karanta wannan mujalla kuwa maƙwabtana ne Musulmi, muna haɗuwa a kasuwa da wurin suna da jana'iza. Bari in ba ku labarin wani dare da har yau nake jin kunyarsa.

A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram suka kama Mubi. Jama'a suka watse, wasu suka tsaya Yola, wasu suka miƙo har nan Jalingo. Lokacin ni ne ma'ajin ikilisiyarmu, makullin ajin yara da na ɗakin ajiya duk suna hannuna. Bayan isha'i mota ta sauke mata da yara a ƙofar majami'a, ƙafafunsu duk sun kumbura. Cikinsu har da wata tsohuwa mai hijabi da jikoki biyu.

Na ce ba zan buɗe ba. Ba mu san su ba, gari kuma cike yake da tsoro. Masarar da ke ɗakin ajiya baikon kaka ce, an ware ta a sayar a gyara rufi. Na ce a bari kwamiti ya zauna da safe.

Wani dattijonmu da muke ce wa Baba ya iso da tocila. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, yaran nan su kwana a titi har kwamiti ya zauna? Miƙo makullin." Na miƙa, raina a ɓace.

Washegari ya zaunar da ni, ya buɗe wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 3, inda aka jera halayen shugaban ikilisiya. Ya sa yatsa ya nuna mini: karɓar baƙi ya riga iya koyarwa zuwa a jerin. Na sha karanta wurin, ban taɓa lura ba. Ya tuna mini da Ibrahim a Littafin Farawa, sura 18, wanda ya ruga ya taryi baƙi uku, ya sa aka yanka musu ɗan maraƙi, bai tambayi asalinsu ba. Ku ma kun san labarin baƙin Annabi Ibrahim.

Zumuntar mata suka ɗora tukwane. Baba da kansa ya aro buta a gidan wani malami maƙwabcinmu, ya nuna wa tsohuwar alƙibla. Malamin ma ya aiko da tabarmi da kwanon tuwo. Masara ta ƙare tas, damina ta zo rufi yana yoyo, muka yi sujada muna kauce wa ɗigon ruwa. Ba wanda ya mutu.

Baba ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Yanzu idan za mu zaɓi dattawan ikilisiya, ana yabon mai wa'azi da mai kuɗi, ni tambayata ɗaya ce: baƙo ya taɓa kwana a gidansa?