Da Ƙafa Daga Dutsen Tebur Zuwa Ƙarshen Tudu a Cape Town

Duk inda mutum ya tsaya a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, in ya ɗaga kai Dutsen Tebur zai gani. Samansa a shimfiɗe yake, faɗinsa ya kai kilomita 3, ƙololuwarsa kuma mita 1,086 daga doron teku. Birnin yana kwance tsakanin gindin dutsen da Tekun Atlantika. Yawancin baƙi motar igiya suke shiga, wadda ta fara aiki tun 1929, cikin minti biyar sai ga su a sama, su ɗauki hoto su sauko. Ni kuwa ɗan yayata da ke karatu a can bai yarda mu yi haka ba. "Kawu," in ji shi, "wanda igiya ta ɗauka birni kawai zai gani. Mai son ganin dutse sai ya taka."

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. A can lokacin zafi daga Disamba ne zuwa Fabrairu, kuma fuskar dutsen da ke kallon birni arewa take duba, inda rana ke bi, don haka wanda ya makara zai sha zafi ba inuwa. Kowannenmu ya saɓa jaka mai ɗauke da gorar ruwa biyu, da dabino, da rigar sanyi. Hanyar da muka zaɓa ita ce ta kwazazzabon Platteklip, wata tsaga da ta raba bangon dutsen tun daga ƙasa har sama. Ta nan ne wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Antonio de Saldanha, ya hau a 1503, kuma shi ne Bature na farko da tarihi ya rubuta ya yi hakan. Kafin shi kuwa, mutanen Khoi da San sun daɗe suna kiwo da farauta a wannan gindi.

A farkon hanya akwai wata 'yar ƙorama mai ruwa garai-garai tana gangarowa a kan falalen dutse. Ba ta fi a tsallake ta da taku ɗaya ba, amma irin wannan ruwa ne ya haifi birnin gaba ɗaya. Saboda shi ne kamfanin kasuwancin Holan ya turo Jan van Riebeeck a 1652 ya kafa zango, don jiragen da ke kan hanyar Indiya su sami ruwan sha da ganye da nama. Aikin zango na bukatar hannaye, sai aka shiga kwaso bayi daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indunisiya. Can ƙasa, a bakin wannan ƙorama, mata bayi suke hawowa kullum da ƙunshin kayan iyayengijinsu a ka, su wuni suna wanki a kan duwatsu. Ko bayan an soke bauta a 1834, 'ya'yansu da jikokinsu sun ci gaba da sana'ar. Na tsuguna na sa hannu a ruwan, sanyinsa ya ratsa ni har gwiwar hannu, na tuna da matan nan da ba wanda ya rubuta sunayen galibinsu.

Daga nan sai hawa. Matakala ce ta dutse da aka jera da hannu, tana kwana hagu tana kwana dama, wani matakin ya kai gwiwa. Tsawon hanyar bai wuce kilomita 3 ba, amma a cikinsa mutum zai ɗaga sama kusan mita 700. Numfashi ya fara sama-sama, cinya ta ɗau zafi, yaron ya riƙa waiwayowa yana cewa, "Sannu, Kawu, a sha ruwa." Muka bi ta a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Masu saukowa, fari da baƙi, tsoho da yaro, kowa sai ya gaishe mu ya ƙara mana ƙarfin gwiwa. Kusa da sama sai bangayen biyu suka matso juna har tsakaninsu bai fi 'yan taku ba, rana ta ɓace, iska mai sanyi ta hura ta cikin tsagar, gumin da ke jikinmu ya koma ƙanƙara. A nan rigar sanyi ta yi ranarta.

Saman dutsen ba kurmi ba ne, ba kuma fako ba. Ƙananan tsirrai ne masu tsinin ganye, ba su fi ƙugu ba, waɗanda mutanen wurin ke kira fynbos. A wannan kusurwa ta Afirka ta Kudu akwai irin tsiro kusan 9,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku ba a samun su ko'ina a duniya sai nan. Shi ya sa hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren gado na duniya a 2004. Na durƙusa gaban furen protea, wanda ƙasar ta ɗauka tambarinta. Girmansa ya kai tafin hannu biyu, gefensa jaja-jaja, cikinsa fari mai laushin gashi, ga wani ɗan tsuntsu mai dogon baki yana zuƙar zaƙinsa. Abin mamaki, waɗannan tsirrai sai da gobara suke sabuntawa, domin irin wasunsu ba ya tsira sai wuta ta bi ta kansa. Sai dai wutar ba ta san iyaka ba: a Afrilun 2021 gobarar da ta tashi a jikin dutsen ta cinye wani ɓangare na ɗakin karatun Jami'ar Cape Town, tare da tarin takardun tarihin Afirka. A kan falale kuma ga remaye suna shan hantsi, ba su ko tsoron mutane.

Muka tsaya a bakin gaɓa muka duba arewa. Ga birni, ga tashar jiragen ruwa, ga kuma wani tsibiri shimfiɗe a tsakiyar ruwa. Tsibirin Robben ke nan, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a ɗaure. Tun kafin Mandela, a 1780, Turawan Holan sun kai wani malami ɗan sarauta daga tsibirin Tidore na Indunisiya suka tsare a can. Sunansa Abdullahi ibn Kadi Abdus Salam, amma an fi saninsa da Tuan Guru. Ba shi da littafi ko ɗaya a hannu, sai ya rubuta Alƙur'ani da ka. Da aka sake shi ya buɗe makaranta ga bayi da 'yantattu, ya kuma zama limamin Masallacin Auwal da aka kafa a 1794 a unguwar Bo-Kaap, masallaci na farko a ƙasar. Yaron ya nuna mini unguwar da yatsa, can a jikin tudun Signal, inda kabarin malamin yake. Da azahar ta yi muka shimfiɗa rigunanmu muka yi salla. Alƙibla a nan ba gabas take ba, arewa ake fuskanta a ɗan karkata dama.

Ba mu gama cin dabino ba sai iskar kudu maso gabas ta taso. Iskar tana kwaso laima daga teku, ta hau da ita kan dutsen, sanyi ya mai da ita gajimare, shi kuma ya malalo ta bakin gaɓa kamar nono na zuba daga ƙwarya. Daga cikin gari abin sha'awa ne, amma ga wanda ke sama haɗari ne, domin cikin 'yan mintoci mutum ba zai ga abin da ke gabansa ba, ga rami ta kowane gefe. In iska ta yi ƙarfi ma rufe motar igiyar ake yi. Muka yi hanzari muka same ta tana aiki, muka sauko.

Kashegari muka nufi Cape Point, tafiyar kamar kilomita 60 kudu da birnin, inda tudu ke tsukewa har ya ƙare a cikin teku. A bakin hanya ga jiminu suna kiwo dab da ruwan gishiri, ga garken gwaggon biri sun tare titi. An kafa alluna ana gargaɗin kada a ba su abinci, domin wanda ya saba da hannun mutum yakan koma ƙwace. Muka hau zuwa tsohuwar hasumiyar fitilar jirage, wadda aka gina fiye da mita 200 a saman ruwa. Tsayin nan ne ya zame mata illa, don hazo yakan rufe ta daidai lokacin da ake bukatarta. Bayan jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya daki dutse ya nitse a 1911, sai aka gina sabuwa can ƙasa, ta fara haske a 1919.

Daga nan wata siririyar hanya, wani wuri katako wani wuri dutse, ta bi bakin gaɓa zuwa Cape of Good Hope. Tafiya ce ta ƙasa da awa ɗaya, amma ban taɓa jin iska irin ta wurin ba, sai ka dafe hula ka sunkuya. A ƙarƙashinmu ga farin yashin gaɓar Dias, igiyar ruwa na dukansa da rugugi, dogayen ciyayin teku baƙaƙe suna lilo a cikin kumfa. Ruwan sanyi ƙarara ne, kuma yana da ja, ba a wanka a cikinsa. Ta nan Bartolomeu Dias ya kewaya a 1488, Vasco da Gama ya biyo baya a 1497, hanyar Turai zuwa Indiya ta buɗe, tarihin Afirka ya sauya. Da yawa suna ɗauka nan ne ƙarshen nahiyar ta kudu, alhali Cape Agulhas ne, kimanin kilomita 150 gaba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kulawa. Tun 1998 aka haɗe dutsen da bakin tekun a ƙarƙashin gandu ɗaya na ƙasa, ana gyara matakala, ana kafa alamu, ana cire baƙin itatuwa masu shanye ruwa da ƙara wa gobara ƙarfi. Hawa Dutsen Tebur da ƙafa kyauta ne, Cape Point ne ake biyan kuɗin shiga. Mai karatu, in Allah ya kai ka Cape Town, ka ware wa ƙafarka yini guda ko biyu. Ka fita da sassafe, ka duba yanayin iska, ka riƙe ruwa da rigar sanyi, kada ka kauce wa hanya, kuma kada ka tafi kai kaɗai, domin akan sami ɓata-gari a wuraren da ba jama'a. Wahalar ta yini ɗaya ce, abin da za ka gani ka koya kuwa ya fi ƙarfin kuɗin mota.