Ya bugi motata a buge, amma kuɗin inshorarmu ɗaya

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan isha'i, ina dawowa daga Kawo ta titin Ali Akilu ni da 'yata, wani ya zo ta baya ya dankara wa motata. Alhamdulillahi ba wanda ya ji ciwo, amma bamba da fitilun baya sun tashi aiki. Da mutumin ya fito sai da ya dafa ƙofa kafin ya iya tsayuwa. Warin bakinsa kaɗai ya ishe ni bayani.

Na ce, "Malam, ina takardar inshorarka?" Ya lalubo ta da ƙyar. Na duba lambar motar a rumbun NIID ta waya, babu ita. Irin takardar nan ce ta bakin titi da ake yanka don a nuna a shingen bincike.

Washegari yayansa ya zo da dattijai biyu, a yi haƙuri, ƙaddara ce. Suka kawo rabin kuɗin gyara, na karɓa. Wata ya yi nisa, kuma ba ni da ƙarfin zaryar kotu. Ke nan da hannuna na rufe maganar, ba a rubuta sunansa ko'ina ba.

To amma jama'a, ko da na kai shi an hukunta shi, me zai canza? Tun 1 ga Janairun 2023 NAICOM ta mayar da inshorar dole ta ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiya kuma har miliyan 3. Farashi ɗaya ne ga kowa. Ni da na shekara ashirin ina tuƙi ban taɓa buge ko akuya ba, da wanda ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa, duk 15,000 za mu biya. Ba mai tambayar tarihinka.

A Ingila, wanda aka samu da laifin tuƙi cikin maye ana hana shi tuƙi aƙalla wata 12, laifin ya zauna a kan lasisinsa shekara 11. Kamfanonin inshora su ɗaga masa farashi, wasu ma su ƙi karɓarsa. Duk shekarar da zai sabunta takarda, aljihunsa na tuna masa daren nan.

Kuma kada wani ya ce giya ba matsalarmu ba ce a nan. Kodin da gwamnati ta haramta a 2018 da tiramol fa? Su ma maye ne, sai dai ba wari.

Motata na nan a wurin mai gyara, na je Panteka sau biyu ban samu fitila daidai kuɗina ba. Jiya ina jiran keke a Unguwar Sarki na ga mutumin ya wuce. Har an yi wa gaban motarsa fenti.